Tuwon Yaran da Inna Ke Gani

Daren Talata, Roni

Wallahi na gaji. Yau ma Inna ta ƙi cin tuwo, wai yara na zaune bakin gadonta da yunwa, alhali babu kowa. Likita a Kazaure ya ce ruɗewarta ba irin mantuwar tsufa da ke damun Kawuna ba ce, ita gane-gane take yi, kada in musa mata.

"Ke Hadiza, ba ki da imani ne? Zuba musu mana," in ji ta.

Na zuba a kwano, na ajiye ƙasa. Sai ta saki fuska ta ci, har ta sha magani ba rigima.

Da ta yi barci na cinye na yaran, duk ya huce. Tun safe ban ci komai ba.