Makullin Ɗakin Ƙasa

Kudai, Makka
4 ga Rajab

Yaya Nasiha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Kano. Ya ƙarin haƙurin Inna? Allah Ya ji ƙanta. Wani mai Umara na ba wannan takarda, don na kasa faɗa miki ta waya.

Mijinki Isa ba shi da lafiya. Hannayensa sun yi ƙuna, yana ta amai. Kin san shi da taurin kai, man zaitun kawai yake shafawa, wai wani ƙarfe ne da aka kawo masa shagonsa na tsofaffin ƙarafa a unguwar Mansur ya ɗauki zafin rana. Da ƙyar na ja shi asibiti.

Kin tambayi aikina. Ina nan ina gadin ɗakin ƙasa na asibitinmu, inda ake ajiye ragowar sinadarin nukiliya da aka gama ƙona cutar daji da shi. A tukwanen dalma yake, kuma yana cin jikin mutum ba tare da ya sani ba. Makullan ɗakin biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya wurin abokin aikina Hamad. Doka ta hana su haɗu a hannu ɗaya.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙaninki,
Mukhtaru

19 ga Rajab

Yaya Nasiha,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ɓoye miki rabin magana, kuma ta hana ni sakat.

Ranar da Inna ta rasu ina bakin aiki. Aka ce za a sallace ta a Harami bayan La'asar, kin kuwa san gawa ba ta jiran kowa a garin nan. Wanda zai karɓe ni a bakin aiki bai iso ba. Na cire makullina na damƙa wa Hamad amana, na ruga. Shekara tara muna cin abinci a faranti ɗaya da shi. Na samu ɗaukar makarar Inna, har na yi ta gode wa Allah.

Kafin in dawo Hamad ya fitar da tukunya ɗaya, don ya sayar da dalmar kawai. Ya rasa wanda zai kai wa sai Isa, saboda ya san surukina ne, ba zai yi masa tambaya ba. Isa ya fasa ta da hannunsa.

Na kai kaina wurin hukuma. Sun rufe shagon, sun kwashe abin, sun auna maƙwabta, kowa ya tsira. An kama Hamad, ni ma ana tsare da ni. Ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, Yaya.

Naki,
Mukhtaru

2 ga Sha'aban

Yaya Nasiha,

Assalamu alaikum. Na san labari ya riga takardata isa gare ki. Allah Ya ji ƙan Isa, Ya raya abin da ya bari.

An bar ni na gan shi sau ɗaya ta bayan gilashi, na faɗa masa komai. Bai yi fushi ba. Ya ce da shi ne ma, da ya ruga wurin Inna. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Jiya aka sallace shi bayan La'asar. Ina jin kiran sallar daga inda nake tsare, ban samu ɗaukar makararsa ba.

Ki shafa min kan yara. In ba ki amsa wannan takarda ba, ba zan ga laifinki ba.

Ƙaninki,
Mukhtaru