Gonar Mansura Ta Ɓace Daga Taswira

Legas, Litinin

Zuwa ga Yayana Ja'afar,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Boyekai? Ni nan sai godiya, ko da yake garin ga ya ishe ni.

Na saurari saƙonka. Ka ce sau uku kana zana gonar ƙanwarmu Mansura a taswirar ƙungiyar manoma, kuma da ka ajiye sai ta ɓace. Ka ce tunda kowa na iya shiga ya gyara taswirar, Sa'adu maƙwabcin gonarta ne ke gogewa don ya haɗe ta da tashi. Yaya, kar ka je ƙofar gidan Sa'adu. Na zaɓi in rubuta da hannuna ne don ka karanta mishi. Ba shi ba ne. Ni ne.

Ka tuna bara taswirar kan yi kusan minti guda kafin ta buɗe a ƙananan wayoyi? Mutanen Rabah har sun daina amfani da ita. Kamfanin da nike wa aiki ya sa ni in rage mata nauyi. Sai na koya wa manhajar cewa duk zanen da faɗinsa bai kai mita biyar ba, kuskuren yatsa ne, ta ɓoye shi. Nufina ta ɓoye kawai, amma na yi kuskure a rubutun, ta koma tana share shi gaba ɗaya duk lokacin da anka ajiye.

Abin da ke ci mini rai, ni da na tashi a fadama na manta yadda muke rabon gado. Ba a yanka gona a kwance, a tsaye ake tsaga ta domin kowa ya taɓa hanyar ruwa. Da Baba ya rasu haka anka yi mana. Taka da tawa sun tsira. Ta Mansura rabin tamu ce, mita huɗu. Inji ya ɗauke ta zamewar yatsa.

Na san ranar Alhamis ta sama kwamiti zai fitar da sunayen masu ruwan rani daga taswirar, kuma wanda babu gonarshi babu ruwanshi. Ka ce mata kar ta sayar da irin albasarta.

Ƙanenka,
Siddiƙu

Legas, Juma'a

Yaya Ja'afar,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na ji daɗi da Sa'adu ya haƙura, ko da yake an ce ya faɗa mini baƙaƙe. Ya yi daidai.

Na bi taswirar tun daga bakin dam ɗin Goronyo har Lahodu da Magarya. Gonaki ɗari uku da sha ɗaya sunka ɓace, kusan duk na mata. Na kai wa oga. Ba mugun mutum ba ne, kuma bai yi ƙarya ba: gyara na ƙwarai zai ci sati uku, in kuma anka cire tsarin nawa yanzu, taswirar za ta koma nauyinta na da, ga shi ranar Laraba za su nuna saurinta ga wasu manyan baƙi. Ya ce in jira. Na tambaye shi mi zan ce wa macen da shukarta ba ta san Laraba ba. Ya ce gonakin ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Haka ne. Sai dai shi bai san sunan ko ɗaya ba, ni kuwa na ci tuwo a gidajen da yawansu.

Yau bayan masallaci na cire tsarin daga Goronyo da Wurno da Rabah, na maido da gonakin daga tsohon ajiya. Ban yi a ɓoye ba, da sunana na yi, na kuma aika wa kowa a ofis dalilina. Na ce duk mai son mayar da tsarin sai ya sa nashi sunan.

Ka duba gobe. Za ta daɗe kafin ta buɗe, kar ka yi ta dannawa.

Naka,
Siddiƙu

Legas, Laraba

Yaya,

Gaisuwa gare ka da Inna da Mansura.

An nuna wa baƙin taswirar. Da anka zo Goronyo ta tsaya tana juyi. An karɓe mini izinin taɓa manhajar, an ce in zauna gida har a yanke hukunci. Ban ba da haƙuri ba, sai a kan kuskuren farko, wanda nawa ne.

Amma har yanzu babu wanda ya yarda ya sa sunanshi ya sake share gonakin, har oga. Ban san kwana nawa hakan zai ɗore ba. Saboda haka gobe da safe ka ɗauki Mansura da duk macen da ta iya fitowa, ku tsaya gaban kwamiti har taswirar ta gama buɗewa, ku sa a buga ta a takarda, kowace ta ɗora yatsa kan gonarta.

In sun sallame ni, ka bar mini kunya biyu ta gefen Sa'adu. Ban manta riƙon kalmen noma ba.

Ƙanenka,
Siddiƙu