Ni Ke Kai Wa Yayana Gahawa a Ɓoye

Gwaggo, assalamu alaikum. Ki gafarce ni da ƙarfin halin rubuto miki. Na san filin nan na manya ne, ni kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare, kuma sau uku ina yaga wannan takarda. Don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

Tun rasuwar Babanmu yayana ne ya riƙe ni. A maɗaba'a yake aiki, shi ke kan injin yanka takarda. Ina shekara tara ya koya mini haɗa masa gahawa: cokali biyu cike, ba madara, sukari kaɗan, a wani shuɗin kofi da hannunsa ya taɓa karyewa muka manna da gam. Kullum da safe yana sha yana yi mini tambayoyin darasi. In na faɗi ya ja mini kunne, in na ci ya ce Farfesa ta iso. Da sunan yake kirana har yau.

Shekararsa huɗu da aure, Allah bai kawo haihuwa ba. Wata uku da suka wuce matarsa, Anti, ta ce an daina gahawa a gidan, ba tare da wani bayani ba. Ta ɓoye gwangwanin. Kofin nan kuwa yanzu maƙalan shanya take zubawa a ciki! Ita ke dafa masa wani ruwan ganye a ɗakinsu, ina jiyo dariyarsu, ni ina falo da littafina ba mai tambaya ta komai. Ba ta taɓa zagina ba, har kitso take yi mini, amma wallahi in na ga ta miƙa masa kofi sai in kau da kai don kishi.

Sai na fara haɗawa a gidan ƙawata, in zuba a fulas, in biya ta maɗaba'a kafin in wuce makaranta. Ranar farko ya karɓa ya shanye a bayan tarin kwalaye, ya tauna cingam. Na ji daɗi ƙwarai, don na samu abin da ita ba ta sani ba. Shi da ma mutum ne mai shan kofi shida a wuni, ban da lemon gwangwani na ƙarin kuzari.

Makon jiya ina neman gwangwanin a saman kabad, sai na ci karo da takardar asibiti da sunan Yaya. Abin da muka karanta a darasin halittu ya isa in gane cewa gwajin haihuwa ne, kuma daga wajensa aka samu rauni. A bayan takardar likita ya rubuta abubuwan da zai rage, har da gahawa da lemon nan. Gwaggo, duk danginmu Anti suke zargi. Ƙanwar Babanmu har habaici take yi mata a gaban baƙi, ita kuma sai ta sunkuyar da kai.

Ya kamata in ji tausayinta, na kuma ji. Amma abin da ya fi cina shi ne suna da sirri su biyu, ni an bar ni a waje kamar baƙuwa. Ina jin kunyar rubuta wannan: wani lokaci nakan ce gara ma kada jaririn ya zo, don in ya zo wa zai ƙara tunawa da Farfesa? Kuma ban daina kai fulas ɗin ba.

Shin da gaske gahawa tana hana namiji haihuwa, ko Anti ce ta fake da likita don ta raba ni da shi? In gaskiya ne, ni ce na hana su? Ki ba ni izini in sake rubuto miki, don ban san yadda zan dubi idonta ba.

Autar gida

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Kin yi daidai da ba ki yaga ta huɗu ba.

Ni ba likita ba ce, amma ga abin da masana ke cewa. Kofi ɗaya ko biyu a rana ba a tabbatar yana cutar da lafiyar namiji ta wannan fuska ba. Kofi shida da lemon kuzari a kai wani zance ne: sinadarin kafeyin in ya yi yawa yana hana barci, yana sa bugun zuciya da rashin natsuwa, wasu bincike kuma sun alaƙanta yawansa da raunin ƙwayoyin haihuwa, ko da yake ba a gama ittifaƙi ba. Matsalar ta riga fulas ɗinki da shekaru, saboda haka ba ke kika hana su ba. Amma likitan da ya duba shi ya fi ni da ke sanin jikinsa, kuma da hannunsa ya rubuta. Anti ba ta ƙirƙira ba.

Kishinki ba mugunta ba ne. Kin rasa uba, kina tsoron rasa wanda ya maye gurbinsa. Su ma sun yi kuskure da suka karɓe miki aikin shekara da shekaru ba tare da ko kalmar lallashi ba. Yayanki kuwa ya fi ki laifi, babba ne, ya san abin da aka ce masa, ya karɓa.

Sai dai ki dubi matar nan da kyau. Ana jifanta da magana a kan abin da ba nata ba, ta yi shiru don ta rufa wa ɗan'uwanki asiri. Wadda ke son raba ki da shi ba ta yin haka.

Daga gobe ki ajiye fulas. Ki same shi shi kaɗai, ki ce kin daina kawowa saboda kina son lafiyarsa, kuma kina kewar tambayoyin safe. Gahawa ba ita ce ta haɗa ku ba. Maganar takarda kuwa ki binne ta, kada dangi ko ƙawa su ji daga bakinki, don sirrinsu ne. Ki roƙi Anti ta koya miki dafa ruwan ganyen, ki kuma nemi ta ba ki shuɗin kofin. Ina kyautata zaton ba ta san darajarsa a wajenki ba. Ranar da aka sake yi mata habaici, ba sai kin ce komai ba, ki tashi ki zauna kusa da ita.

In Allah ya kawo jaririn, zai buƙaci mai yi masa tambayoyin darasi, kuma Farfesa ɗaya ce a gidan. Ki rubuto duk lokacin da kike so. Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka wa matarsa, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa.

Gwaggo