Ƙorafi Kan Hana Ni Duba Faratan Yara

Daga: Hajiya Suwaiba Idris, Hor Al Anz, Dubai
Zuwa ga: Alhaji Mijinyawa Bashar, Shugaban Kwamitin Iyaye, Makarantar Asabar ta 'Yan Arewa, Deira
14 ga Oktoba, 2024

Game da: korar da Malam Muhyiddeen ya yi mini daga ajin ƙananan yara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, na san Malam ya riga ni zuwa wurinka, matar direbanka ta faɗa mini. To ga nawa bayanin.

1. Tun bara kwamiti ya sa ni duba faratan yara da haƙoransu kafin su shiga aji, muna 'yar waƙar tsabta. Ranar Asabar, 5 ga Oktoba, Malam ya tsayar da ni a gaban yara, ya ce karin waƙar na coci ne, kada in sake zuwa.

2. Ban musa ba. Firamaren da na yi a Kafanchan asalinta ta mishan ce, gwamnati ta karɓe ta. Hedimastanmu mai sallah ne. Ya cire kalmomin Fada na coci daga waƙar ya sa na wanke hannu, kari kuwa ya bar shi yadda yake. Maƙwabtana 'yan Filifin ma suna yin irinsa ran Lahadi, ina ji ta bango. Aji huɗu na yi, abin da na fito da shi ke nan.

3. A can aka koya mana kaɗa ƙararrawa, da jera layi, da sa hannu a baya, da miƙewa idan malami ya shigo. Duk Malam yana sa yara su yi, bai kori kansa ba. Ba gulma nake ba, amma yayarsa da ke Jebel Ali ta ce shi ma makarantar mishan ta Sistoci ya yi, har ganga ya kaɗa a fareti.

4. Ranar 12 ga wata jikata Najiba ta dawo daga makarantar ta tambaye ni ko gaskiya ne ni Kirista ce a ɓoye, haka yara suke faɗa. Na ce ta kawo hannunta in gani. Ta ɓoye shi a cikin hijabi, ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Har yau tabarmarmu ta sallah daban. Ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba. Ina zaune dai kusa da taga ina kallon jirgin metro.

Saboda haka ina roƙon Shugaba, cikin ladabi, ya sa Malam ya tsaya a inda ya tsayar da ni, ya faɗa wa yara cewa ni Musulma ce. Waƙar ku riƙe ta, ajin ma na yafe. Yarinyar kawai nake so ta dawo ta zauna kusa da ni.

Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Hajiya Suwaiba Idris