Tsinken Tsintsiya a Shagon Tsohon Soja

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Muna lafiya.

Tsohon sojan nan ɗan Kudu, mai shago a Parkchester, wanda ke neman ƙanwarmu Hajara, ya rantse mana ba shi da mata ko ɗa. To, ran Asabar na iske shi yana haɗa takalman yara zai aika gida, yana auna kowanne da tsinken tsintsiya. Wai sadaka ce. Yaya, in ba yaransa ba ne, wa ya aiko masa da awon ƙafafun?

Ya ce a barikin Zariya ya zauna, don Allah ka bincika. Hajara ba ta sani ba, har ta kai ɗinki.

A sa mu a addu'a. Gaida Inna.

Ƙanwarka,
Bilki