Kunnena da Dalar Azurfa

Yaya Kuluwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam. Yaya ƙafar Inna?

Ni lafiya lau a nan Reno, sai gajiya. Ina nan shagon tsofaffin kuɗi na Mista Delbert. Tun da ya kurmance ni ce kunnensa: in an ƙwanƙwasa dalar azurfa, ta gaske takan yi ƙara mai tsawo, jabu kuwa nan take ta yi shiru.

Wata biyu ke nan kunnena na hagu yana shuu. Ranar Talata na ce wata dala mai kyau ce, ya saya. Da na ɗora ta a sikeli daga baya, nauyinta bai cika ba. Na rubuta masa gaskiya a takarda, har da maganar kunnen, na tsaya jiran kora.

Ya karanta, ya ce, "Tasalla, kurame biyu a shago ɗaya? Jawo sikelin nan gabanki."

Ki roƙi Malam ya sa ni a addu'a. Kada ki tayar wa Inna hankali, in ta kira a kunnen dama nake kara wayar.

Ƙanwarki,
Tasalla