Ƙwan da Kika Ƙi Ci, Inna

Inna,

Ina gaishe ki, ko da yake na san ba za ki karanta ba. Da ranki ma ba ki yi karatun lakwal ba, balle yanzu da kike kwance a Sassumbrum.

Gida lafiya, gero ya yi kyau bana. Ni ce ba lafiya. Ciwon suga, Inna! Ni da nake kamar kara, ko shayi bai dame ni ba. Lokotoron asibitin Magariya ya tambaye ni me kika riƙa ci sa'ad da kike ɗauke da cikina. Ina ni ina sani? Sai Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, ta ba ni labari. Ashe shekarar yunwa ce, cikin fari kuma. Kin ɓoye shi har wata bakwai don kunya. Kowa ya ci, ke ki kankare ƙanzo. Ƙwai kuwa kin ƙi, wai kada ɗan ya zama ɓarawo.

Lokotoro ya ce abin da na gada daga gare ku bai canja ba. Amma yunwar da ɗa ya sha a ciki takan bar alama kan ƙwayoyin gadonsa, ta buɗe wasu, ta toshe wasu kamar bakin rumbun da aka yaɓe. Jikina ya koyi tattali tun ban fito ba, ya ƙi mantawa. Bai rantse shi ne dalili ba, ya dai ce yana ƙara haɗarin.

Haba Inna! Kunyar wa? Wa ya gode miki? Wallahi na ji haushinki, na kuma yi kuka, don ban taɓa tambayar ki ko kin ƙoshi ba.

To ga Rabi, ɗiyata ta fari da aka kai aure Waca, cikin wata huɗu gare ta, kuma halinki ta ɗauko kaf. Wai ni ma in kau da kai, tunda ɗiyar fari ce. Jiya na hau kabu-kabu da dafaffen ƙwai da wake da zogale. Na zauna gaban uwar mijinta, na ɓare, na kira Rabi da sunanta, ban tashi ba sai da ta cinye tas. Mata suka riƙe baki. Su yi ta faɗa, jibi ma ina tafe, har ta sauka.

Allah ya jiƙan ki, ya ƙosar da ke a can.

Ɗiyarki marar kunya,
Zulai